Firijinka da ƙurar hunturu: yadda za ka tsare nono, nama da allurar dabbobi

 Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirin wannan mako a kan firiji, wanda da yawanmu ke ce wa firigo.

Kai ɗan kasuwa mai sayar da ƙanƙara da zoɓo, ke uwargida mai ajiye kindirmo da wagashi, kai makiyayi mai ajiyar allurar rigakafi, jarinku ne a cikin akwatin nan. Ran da ya tsaya, kafin mai gyara ya iso an riga an yi asara.

Ka fara da sanin yadda yake aiki. Firiji kwashe zafi yake yi daga ciki, ya fitar da shi waje. Akwai gas da ke zagayawa cikin siraran bututu, injin da ke ƙasa ta baya shi ke tura shi. Taɓa bayansa ko gefensa, za ka ji ɗumi. To zafin kayanka ne ke fita. Saboda haka duk kulawar da za ka yi abu biyu ce: ka bar zafi ya fita, ka hana sabo shiga.

Mu fara da baya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana cika ɗaki da ƙura, ƙurar kuma tana kwantawa a kan bututun nan kamar bargo. Sai bazara ta shigo, a Dapango da Mango zafi yakan kai digiri 40 cikin Maris da Afrilu. Inji ya yi ta gudu ba hutu, katin wuta ya yi ta ƙarewa, wata rana ya ƙone. Maganin ba tsada: cire filogi, ka share bayan da busasshen buroshi mai laushi, sau ɗaya a wata lokacin hunturu. Ka bar tazarar kamar santimita 10 tsakaninsa da bango. Kada ka ajiye shi kusa da murhu, ko inda rana ke dukansa ta taga.

Sai robar bakin ƙofa. Sukarin zoɓo da maiƙon nono suna liƙewa a jikinta, su jawo tururuwa da kyankyaso, ta bushe ta tsage. Goge ta da ruwan ɗumi duk mako. Ga gwaji mai sauƙi: saka takardar jaka guda a bakin ƙofa, ka rufe, ka ja. In ta zare ba tare da ta riƙe ba, iska mai zafi na shiga, robar tana son canji.

Wankin ciki kuwa, a yi shi aƙalla sau ɗaya a wata, da kuma kafin naman layya ya shigo. Kashe wuta, ka fitar da komai. Zuba cokali biyu na bikabonat cikin lita guda ta ruwan ɗumi, ka goge bango da farantai, ka tsane da tsumma mai tsabta. Sabulu mai ƙamshi, nono na ɗaukar warinsa. Duba ɗan ramin da ke ƙasan bangon baya, inda ruwa ke bi ya fita. In ya toshe, ruwa zai kwanta ƙarƙashin kaya yana ɗoyi. Wari in ya ƙi tafiya, sa gawayi a ƙaramin kwano ya kwana ciki.

Ƙanƙarar da ke taruwa a bango fa? Wasu na ɗauka alamar ƙarfin firiji ce. A'a, tare hanya take yi. In kaurinta ya kai rabin santimita, kashe shi, ka buɗe ƙofa, ka ajiye kwanon ruwan zafi a ciki ta narke da kanta. Don Allah kada ka sa wuƙa. Bututun gas yana nan dab da ƙanƙarar, huda ɗaya ta isa. Kuma yawancin sababbin firiji suna aiki da gas mai suna R600a, wanda ke kamawa da wuta. Za ka ga sunan rubuce a takardar da ke manne a baya.

In wutar CEET ta ɗauke, ka daina buɗe-buɗe. Firiji a rufe yana riƙe sanyi kimanin awa 4. Babban firiza mai daskarewa, in cike yake, yana iya kai kwana 2, in rabi ne kwana 1. Cike gurbin da ya rage da gorunan ruwa, su daskare su zama ajiyar sanyi. Cire filogi, in wuta ta dawo ka jira minti 5 kafin ka mayar. Haka in janareta za ka tayar.

Ku masu ɗauko firiji daga Lome ko kasuwar Sinkase, a tsaye ake ɗora shi a mota. In an sauke, a bar shi awa 4 kafin a kunna. In dole ta sa an kwantar da shi a hanya, a bar shi a tsaye kwana guda, man inji ya koma mazauninsa.

Yanzu gare ku makiyaya. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, rage musu saurin yaɗuwa kawai yake yi. Tarin fuka da cutar ɓarin ciki ta shanu suna iya bin ɗanyen nono su kama mutum. A tafasa madara tukuna, ta huce, a rufe, sannan a sa. Ɗanyen nama a ƙasa cikin mazubi mai murfi, kada jininsa ya ɗiga kan nono. Cikin firiji ya tsaya kusan digiri 4.

Allurar rigakafi kuwa, yawancinta tana son tsakanin digiri 2 da 8. Kada ka sa ta a jikin ƙofa, kada ka sa ta wurin daskarewa sai in likitan dabbobi ya ce. A keɓe ta cikin rufaffen akwati nesa da abinci. In za a kai ta ruga, a kula da ƙanƙara. Haɗarin shi ne, allurar da zafi ya kashe ba ta nunawa a ido. Za ka yi wa garke, ka sakankance, sai cuta ta shigo ka gane. Sayi ɗan ma'aunin zafi ka ajiye ciki, ka duba safe da yamma.

In ka ji inji ba ya hutawa bayan ka yi duk wannan, kira mai gyara tun da wuri. Allah ya tsare mana dukiya, ya ƙara albarka a garke da kasuwa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.