Kafin ka sauya motar jan kaya

Shekara 15 ina jan tirelar kaya da Land Cruiser 80 tsakanin Duwala da Garwa. Injinta 1HZ ne, dizal mai silinda 6, babu kwamfuta, kowane bakanike ya san kanta. Amma tsatsa ta ci shasi, kuma shasi ke riƙe tirela. Uwargida ta ce, "Alhaji, gyaranta fa ya fara cin kuɗin makarantar yara."

'Yan'uwa fatake, kada fenti ya ruɗe ku. Ku leƙa ƙarƙashi, ku tambayi nauyin da za ta iya ja, ku gwada birki, don gangaren Ngaundare ba ya wasa da mai lodi. Ni dai 105 nake nema: injinsu ɗaya, kayan gyara ba wuya.