Fassara da Tantance Ma'aunin Damuwa ga Masu Jin Sinanci

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce duba wata matsala ta fassara da ke ci wa masana halayyar ɗan'adam tuwo a ƙwarya, wato yadda za a ɗauki takardar tambayoyin auna damuwa da aka tsara da Ingilishi a mai da ita Sinanci, ba tare da ta tashi daga aikinta ba.

Misalin da za mu riƙa shi ne ma'aunin da Sheldon Cohen da abokan aikinsa biyu suka fitar a Amurka cikin 1983. Tambayoyi 14 gare shi, a 1988 aka rage su zuwa 10. Ana neman mutum ya waiwayi wata guda da ya shige, ya faɗi yawan yadda ya ji al'amura sun fi ƙarfinsa, ta hanyar zaɓen lamba daga 0 zuwa 4.

Matakin farko sananne ne ga ɗaliban fassara. Wani ya juya takardar zuwa Sinanci, wani dabam da bai taɓa ganin ta asali ba ya sake mai da ita Ingilishi, sannan a gwama biyun. Richard Brislin ne ya daidaita wannan hanya a 1970. Sai dai Sinancin ma ba ɗaya ba ne. A babban yankin Sin ana rubutu da sauƙaƙan haruffa tun daga 1956, Taiwan da Hong Kong kuwa suna nan kan tsofaffin, ga shi kuma mutanen Hong Kong Kantonanci suke yi. Saboda haka kowane wuri sai an gwada tasa takardar.

Amma inda gizo ke saƙar ba a kalmomi yake ba. A 1980 Arthur Kleinman ya binciki majiyyata 100 a wani asibitin koyarwa na lardin Hunan, waɗanda likitoci suka ce suna da "shenjing shuairuo", wato raunin jijiyoyi. Kukansu galibi na jiki ne: ciwon kai, rashin barci, jiri, kasala. Da ya auna su da ƙa'idojin likitocin Amurka, sai 87 daga cikinsu suka faɗa rukunin masu ciwon baƙin ciki mai tsanani. Ashe ke nan tambayar da ta tsaya ga abin da ke cikin rai, kome kyan fassararta, tana iya wuce mai damuwa ba ta gan shi ba. Bahaushen da ke cewa ƙirjinsa ya yi nauyi ba zai yi mamakin wannan ba. Abin da ya sa ke nan Cheng da Williams, da suka zo daidaita ma'aunin David Goldberg na Ingila ga mutanen Taiwan a 1986, ba su tsaya ga fassara ba. Sun ƙara tambayoyi kan bugun zuciya da ƙuncin ƙirji da zaman mutum da iyalinsa. A ganina wannan ya fi dacewa, ko da yake yana wahalar da gwama sakamakon ƙasa da ƙasa.

Bayan haka sai lissafi. Ana raba takardar ga ɗaruruwan manya a duba ko tambayoyin bakinsu ɗaya, bisa awon da Lee Cronbach ya fitar a 1951, wanda ake son ya kai 0.70. Ana kuma sake ba mutanen ita bayan 'yan kwanaki a ga ko amsoshin sun tsaya. A ma'aunin Cohen mai tambayoyi 10, shida suna tambayar gazawa, huɗu suna tambayar iya shawo kan al'amura, kuma a Sinanci, kamar a wasu harsuna, huɗun nan sukan ware su zama rukuni na kansu.

Akwai kuma ɗabi'ar amsawa. Binciken Chen da Lee da Stevenson na 1995 ya nuna ɗaliban Taiwan da Japan sun fi na Amurka zaɓen amsar tsakiya. Don haka maki 20 a Taipei ba lalle ne ya zama daidai da maki 20 a Chicago ba.