Wace waya ta dace tsakanin ampili da lasifika?

Masu karatu, ma'aikaci yakan yi shekara ɗaya ko biyu yana tara kuɗi don ya sayi kayan sauraron kiɗa na ƙwarai, wato ampili mai ƙarfi da akwatunan lasifika biyu, waɗanda makanikan radiyo ke kira bafal. Ran da kaya suka iso gida, sai a tarar saura abu guda: wayar da za ta haɗa su. A nan ne mutane suke rabuwa biyu. Wani ya aiki yaro kasuwa ya yanko masa kowace irin siririyar waya. Wani kuwa ya ji an ce kayan tsada sai waya mai tsada, har ya yi niyyar aikawa Turai a sayo masa wadda kuɗinta ya kai rabin na ampilin. Na farko ya tauye kayansa, na biyu ya tauye aljihunsa.

Abin da ke bi ta cikin wayar nan wutar lantarki ce. Ampili ne ke tura ta, ita kuma ta motsa faifan lasifika gaba da baya, motsin nan shi ne amon da kunne ke ji. To, kowace waya tana ɗan hana wuta wucewa. Masana suna kiran wannan turjiya, suna auna ta da om. Siririyar waya ta fi kakkaura turjiya, doguwa ta fi gajera. Ita ma lasifika tana da nata om, yawanci 4 ko 6 ko 8, yana nan rubuce a bayan akwatin. In turjiyar waya ta yi yawa, wani kashi na ƙarfin ampili zai ƙare cikinta, ya zama zafi kawai. Ba ma wannan ce babbar hasarar ba. Om ɗin lasifika ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana hawa yana sauka bisa ga kaurin amo ko sirantakarsa. Saboda haka waya mai turjiya da yawa takan rage wani amo fiye da wani, kuma ampili ya kasa riƙe faifan da kyau. Sai ka ji bugun ganga ya saki, ba ya tsayawa inda makaɗi ya tsai da shi.

Ƙa'idar da aka daɗe ana aiki da ita ita ce kada turjiyar waya ta wuce kashi 5 cikin 100 na om ɗin lasifika. Roger Russell, wanda ya shugabanci binciken amo a kamfanin McIntosh na Amurka, a kanta ya tsara jadawalinsa da ya yi suna. Ke nan lasifika mai om 8 tana jure om 0,4. Mai om 4 kuwa om 0,2 ne iyakarta.

Lissafin ba shi da wuya, duk wanda ya iya sau da rabawa zai yi shi. Jan ƙarfe mai tsawon metir 1, da kauri milimetir murabba'i 1, turjiyarsa wajen om 0,0175 ce. Amma a tuna wuta tana zuwa tana komowa, don haka sai a ninka tsawon sau biyu. A ce lasifika tana metir 5 daga ampili: tafiyar wuta metir 10 ke nan. Waya mai kauri 0,75 za ta ba da om 0,23. Ta ishi lasifika mai om 8, ta gaza wa mai om 4. Mai 1,5 za ta ba da 0,12, mai 2,5 ta ba da 0,07. In falo babba ne har tazarar ta kai metir 10, mai 1,5 ta koma 0,23, mai 2,5 kuwa 0,14. Wannan ya nuna cewa a ɗakin zama irin namu waya mai 2,5 ta wadatar, sai fa in za a ja ta zuwa tsakar gida, nan a nemi mai 4. Wayar da ta zo daga Amurka lambarta a juye take, ƙaramar lamba ita ce kakkaura: 16 daidai take da 1,3, 14 da 2,1, 12 da 3,3.

Duk lissafin nan na jan ƙarfe ne tsantsa, kuma nan ne mai saye ya kamata ya buɗe ido. Akwai waya mai araha wadda cikinta sanholo ne, an shafe shi da jan ƙarfe sama-sama. A kan kwalinta wani lokaci akan rubuta CCA, wani lokaci ba a rubuta komai. Sanholo yana ɗaukar wuta wajen kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka, don haka mai 2,5 ta irin wannan ba ta fi mai 1,5 ta gaskiya da wani abin kirki ba. Ga ta da saurin karyewa in ana yawan lanƙwasa ta. Gane ta ba ya buƙatar na'ura. Ka kankare sili ɗaya da wuƙa, in fari ya fito daga ƙarƙashi, sanholo ne. Ko ka kusanta silin ga wutar ashana: sanholo yana narkewa a digiri 660, nan da nan zai langaɓe, jan ƙarfe kuwa sai 1085, ja kawai zai yi. Nauyi ma shaida ne, gama jan ƙarfe ya ninka sanholo nauyi fiye da sau uku. Kada kaurin roba ya ruɗe ka, sau da yawa riga ce babba a jikin ramamme. A sa mai kanti ya fere bakin wayar a gabanka.

To, ina labarin wayoyin nan masu tsadar gaske? Cinikinsu ya bunƙasa ne daga 1979, lokacin da Noel Lee ya kafa Monster Cable a San Faransisko. Kafin nan mutane da wayar fitila suke haɗa lasifika. A 1983 mujallar Stereo Review ta Amurka ta yi gwaji a kan waya mai tsawon wajen metir 9, ba tare da masu sauraro sun san wadda aka sa ba. Siririya ƙwarai mai lamba 24 an fi gane ta, don tana rage ƙarfin amo. Amma da aka sa waƙa, aka gwama waya mai lamba 16 da ta Monster, kunne bai iya raba su da tabbaci ba. A 2007 wani kamfani mai suna Pear yana sayar da waya biyu, kowace ba ta kai metir 4 ba, a kan dala 7 250. Dalar Amurka fa, ba tamu ta tamma biyar ba. A kuɗinmu ya haura jika 3 000. James Randi, wanda ya yi suna wajen tona asirin masu da'awar abin al'ajabi, ya yi tayin dala miliyan 1 ga wanda zai gane ta da kunne kaɗai. Aka yi ta jayayya a kan sharuɗɗa, gwajin bai yiwu ba.

Masu tallar irin wannan waya sukan ambaci azurfa, ko jan ƙarfen da aka cire wa iska, mai alamar OFC. Gaskiya ne azurfa ta fi jan ƙarfe ɗaukar wuta, amma da wajen kashi 6 cikin 100 kawai. Ratar OFC da jan ƙarfen lantarki na yau da kullum ba ta wuce kashi 1 ba. Wanda ya ƙara kaurin wayarsa daga 1,5 zuwa 2,5 ya sami ribar da ta fi waɗannan nesa ba kusa ba.

Inda aka fi samun ɓarna a gidaje shi ne bakin waya. Hanya mafi sauƙi ita ce a fere santimetir 1, a murza silin su haɗu, a sa cikin ramin maɗauri a murɗa da ƙarfi. Tana aiki sarai, amma sili ɗaya tak in ya kauce ya taɓa maɗaurin da ke kusa, zai iya ƙona ampili. Kuma kada a shafa wa bakin dalma in za a matse shi, don dalma tana lotsawa a hankali, ɗaurin ya yi sako-sako. Wanda ke yawan cire kayansa gara ya sa fish banan, mai kauri milimetir 4, ko kuwa mai baki biyu kamar cokali mai yatsu, wadda ta fi kamawa tam. Ruwan zinariya da ake yi musu amfaninsa ɗaya ne: zinariya ba ta tsatsa, ba ta dusashewa, ko da yake jan ƙarfe ya fi ta ɗaukar wuta. Siririn shafe ya isa.

Mai yara a gida ya kula da fish banan ƙwarai. Tana shiga ramin priz irin na Turai da muke da shi a bango, mai wuta bolt 220. Dalilin da ya sa ke nan ampili da yawa da ake sayarwa a Turai sukan zo da ramukansu a toshe da ƴar roba. Kada a bar waya mai irin wannan kai tana yawo a ƙasa.

Wajen haɗawa, a kashe ampili tukuna. Ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi, a lasifikan duka biyu. In aka juya ɗaya, faifanta zai riƙa ja baya sa'ad da na ƴar'uwarta ke turowa gaba, amo mai kauri ya ɓace, muryar mawaƙi ta rasa mazauni a tsakiya. In alamar waya ta goge, a cire ta daga ampili, a taɓa bakinta biyu ga pil mai bolt 1,5 na ɗan lokaci kaɗan. In faifan ya turo waje, silin da ke kan pil ɗin, wajen alamar +, shi ne ja. Bayan damina, lokacin da danshi ya sa jan ƙarfe ya yi duhu, a yanke santimetir 2 daga bakin da ba shi da fish, a fere sabo, a sake ɗaurewa.