Yadda maganin malalar mai ya zama sabuwar guba ga halittun teku

Ranar 20 ga Afrilun 2010 dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya yi bindiga a Mashigin Tekun Meziko, inda ma'aikata 11 suka rasa rayukansu. Kwana 87 ɗanyen mai yana tuttuɗowa daga rijiyar kamfanin BP kafin a toshe ta. Daga baya wata kotun Amurka ta ce ganga miliyan 3.19 ce ta malala cikin teku.

Domin hana man isa gaɓa, an zuba kusan lita miliyan 7 na wani sinadari mai suna Corexit. An fesa wani daga jiragen sama, wani kuma aka tura shi bakin rijiyar, a zurfin kusan mita 1,500.

Aikin sinadarin kamar na sabulun wanke-wanke ne a kan kwano mai maiƙo. Yana farfasa mai zuwa ƙananan ɗigo-ɗigo da za su gauraye da ruwa. Sai dai man yana nan, ya dai bar saman ruwa ya nutse inda kifaye ke zuba ƙwai.

Wa ya sha gubar?

Tsuntsaye da dazukan bakin teku sun ɗan samu sauƙi, amma ƙananan halittu suka ɗanɗana kuɗarsu. Wani bincike da masana daga Cibiyar Fasaha ta Jojiya da wata jami'a a Meziko suka yi ya gano cewa idan aka haɗa ɗanyen mai da Corexit, gubarsa kan ninka har sau 52 ga wasu mitsi-mitsin halittun ruwa da 'ya'yan kifi ke ci. Idan abincin jariri ya ƙare, ba a maganar girmansa.

Shi ma ɗanyen man kansa ba kanwar lasa ba ne. A 2014 masana daga Jami'ar Stanford da hukumar kula da tekuna ta Amurka, NOAA, sun nuna cewa sinadaran da ke cikinsa suna dagula bugun zuciyar kifin tuna. Malalar kuwa ta faru ne daidai lokacin da wannan kifi ke hayayyafa a yankin.

A gaɓar Barataria ta Jihar Luwiziyana, likitocin dabbobi sun duba dabbar ruwan nan ta dolfin a 2011, suka tarar da yawa na fama da ciwon huhu da rama. Ita dolfin sai ta leƙo sama take shan iska, don haka tururin man ta riƙa shaƙa kai-tsaye. A can ƙasan teku ma an samu murjani ya mutu kimanin kilomita 11 daga rijiyar, ga shi halitta ce mai ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin ta girma.

Masana ba su ce a daina amfani da sinadarin kwata-kwata ba, domin yana rage man da ke kaiwa gaɓa da tururin da ma'aikata ke shaƙa. Abin dai gaba kura ne baya siyaki.

Ina ruwan Najeriya?

A Disambar 2011 kimanin ganga 40,000 ta malala a filin mai na Bonga na kamfanin Shell, kusan kilomita 120 daga gaɓar Neja Delta, kuma can ma an fesa irin waɗannan sinadarai. Masunta a jihohin Bayelsa da Delta sun koka cewa sana'arsu ta durƙushe.

A Amurka, kotu ta amince a 2016 BP ya biya dala biliyan 20.8, kuma wani kaso mai tsoka na kuɗin na gyaran muhalli ne, bayan shekaru ana auna ɓarnar. Darasin ga hukumar NOSDRA mai sa ido kan malalar mai a Najeriya shi ne: ganin ruwa ya washe ba ya nufin an gama aiki, sai an bi diddigin abin da ya samu kifi da ƙwansa.