Lambar MAC: abin da take tonawa da abin da ake ƙaga mata

Duk na'urar da ke hawa Wi-Fi ko kebul ɗin sadarwa tana da lambar MAC mai alamomi 12, haɗin lambobi da haruffan A zuwa F. Surutu ya yi yawa a kanta tsakanin masu gyaran waya da masu raba Wi-Fi, don haka bari mu tsefe zancen.

Ana cewa lambar tana nuna kamfanin da ya ƙera na'ura. Gaskiya ne. Hukumar IEEE ce ke ware wa kamfanoni alamomin farko, galibi guda 6, waɗanda ake kira OUI. Idan ka buga arp -a a Windows, ko ip neigh a Linux, za ka ga lambobin na'urorin da kwamfutarka ta yi hulɗa da su kwanan nan. Wadda ta fara da 00:00:0C ta Cisco ce, B8:27:EB kuwa ta Raspberry Pi. Umarnin sudo arp-scan --localnet ma ya rage maka wahala, domin yana jero sunan kamfani a gefen kowace lamba.

Sai dai sunan da ya fito ba lalle ne shi ke jikin kwalin ba. Kwamfutar HP kan fito da sunan Intel, saboda katin Wi-Fi ɗin cikinta na Intel ne. Kwan lantarki mai haɗuwa da intanet kan fito da sunan Espressif.

Ana cewa lambar tana bayyana sunan mai na'ura da inda yake. Ƙarya ce. Rajistar IEEE sunan kamfani da adireshinsa kawai ta ƙunsa. Haka nan lambar ba ta tsallake rauta, shi ya sa ba za ka ga ta wanda ke wani gari ba. Masu neman wayar da aka sace su sani cewa lambar IMEI daban take, kuma ita ce kamfanonin layi ke gani.

Ana cewa lambar MAC ba ta canzuwa. Wannan ma ba haka ba ne. A Linux, manhajar macchanger na sauya ta nan take.

Ana cewa duk lambar da ba ta nuna kamfani ba ta ɓarawon Wi-Fi ce. Nan ne ake ɗaukar alhakin mutane. Tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi na ƙirƙirar lambar wucin gadi don kare sirrin masu su. Dubi alama ta biyu: idan 2 ce, ko 6, ko A, ko E, to ba IEEE ta ba da lambar ba, wataƙila ma wayar ƙaninka ce.

In kana zargin ana shan datarka, ka canza kalmar sirri, ka tabbata WPA2 ko WPA3 na kunne. Kuma kada ka yi wannan bincike a kan hanyar sadarwar wani sai da izininsa.