Kafin ka zuba sabon daɓe a makewayi, duba ƙarƙashinsa

Idan damina ta wuce, magidanta da yawa a Junju sukan tarar daɓen makewayinsu ya tsage. Sai mutum ya sayo siminti, ya kira magini, a shafe tsagar, wuri ya yi sumul. Kafin wata damina ta ƙare, ga tsaga ta dawo. Kuɗi sun tafi, wahala tana nan. To, me ya jawo haka? Ciwon ba a sama yake ba, a ƙarƙashi yake.

Ka san ƙasarmu. Yankin Gaya yana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, wajen milimetir 800 a shekara. A cikin Dallol Mawri kuma ƙasa rairayi ce, ruwa ba shi da nisa. Ban da ruwan sama, ga ruwan wanka da ake zubawa safe da yamma. Ruwan nan yana bin ƴar ƙaramar tsaga ya shiga ƙarƙashin daɓe. Sannu a hankali yana kwashe rairayi, ya bar kogo. Daɓe ba shi da abin da zai zauna a kai, sai ya lotsa, ya fashe.

A kan ramin salga abin ya fi haɗari. Yawancinmu da itace ko azara muke rufe rami, mu zuba ƙasa a sama. Laima tana ruɓar da itacen daga ƙasa, gara kuma tana cin cikinsa, ta bar ɓawo. Azarar giginya tana da ƙarfi, amma ita ma tana tsufa. Wanda ya zuba siminti a kan ruɓaɓɓen itace, nauyi ya ƙara masa. Wata rana yaro ko tsohuwa ta shiga, wurin ya rufta. Allah ya kiyaye.

Yaya za ka gane ƙarƙashi ya lalace? Ɗauki sanda ka ƙwanƙwasa daɓen ko'ina. Inda ka ji yana amsawa kamar ganga, akwai kogo. Duba ko ruwa yana kwanciya a wuri ɗaya bayan wanka. Duba gindin katanga, ko ya jiƙe, ko gara ta yi hanya. In ana ganin bakin azara, soka mata wuƙa. In wuƙa ta shige ba wuya, azara ta mutu.

Ga yadda ake gyaran wurin wanka. A yi aikin da rani, lokacin da ƙasa ta bushe.

1. Fasa tsohon daɓe duka, kada ka bar rabi.
2. Kwashe jiƙaƙƙiyar ƙasa mai wari, har ka kai ga ƙasa mai ƙarfi. Bar wurin ya sha rana kwana 2 ko 3.
3. Zuba jar ƙasa mai tsakuwa kaɗan-kaɗan. Yayyafa ruwa, ka daɓe da madaɓi, sannan ka ƙara wata. In ka zuba duka gaba ɗaya, sama ce kawai za ta daɓu.
4. Shimfiɗa tsakuwa mai kaurin santimetir 10, wato faɗin tafin hannunka, ka sake daɓewa.
5. Karkata wurin zuwa bakin rariya. A kowane metir 1, ya sauka santimetir 2.
6. Yanzu ne lokacin siminti. Kwano 1 na siminti, kwano 2 na rairayi mai tsabta, kwano 4 na tsakuwa. Kada ruwa ya yi yawa. Kaurin daɓen ya kai santimetir 5, faɗin yatsu uku ke nan.
7. Rufe shi da tsofaffin buhuna, ka riƙa jiƙa su har kwana 7. Siminti da ya bushe da sauri ba ya ƙarfi. Kafin nan, iyali su yi wanka a wani wuri.

Saura ruwan da ke fita. Kada ya kwanta a gindin katanga ko a kan hanya, don nan sauro ke hayayyafa. Haƙa ɗan rami a bakin rariya, ka cika shi da duwatsu, ƙasa ta shanye ruwan.

Game da salga kuwa, fara da tare ƙofa da ƙaya don yara. Kwashe ƙasar sama, ka cire itacen duka, kana tsaye a wajen bakin rami. Kada kowa ya shiga cikin ramin, iskar ciki tana iya kashe mutum. In abin da ke ciki ya kusa baki, saura kamar rabin metir, to ramin ya gama aikinsa. Cike shi da ƙasa, ka haƙa wani, nesa da rijiya da metir 30, tun da ruwanmu yana kusa. In ramin yana da saura, gina bakinsa da dutse ko bulo. Sannan ka ɗora murfin siminti mai ƙarfe a ciki, wanda ya fi bakin ramin faɗi ta kowane gefe. In azara za ka sa, nemi busasshiya mai ƙwari. Ka tuna ba a sare giginya sai da izinin ma'aikatan gandun daji.

Wani zai ce, “Kai, wannan aiki ya yi yawa, ni shafe kawai zan yi.” To, yi lissafi. Mai shafe yana sayen siminti kowace shekara. Mai gyara daga ƙasa sau ɗaya zai saya, ya huta shekaru. Jar ƙasa da tsakuwa kuwa, amalanke da ƙarfin hannu kawai suke so. Rigakafi ya fi magani. Yau in ka koma gida, ɗauki sanda ka ƙwanƙwasa daɓen makewayinka.

Tambayoyi
1. Me ke sa daɓen makewayi ya tsage?
2. Yaya ake gane azara ta ruɓe?
3. Kwana nawa ake jiƙa sabon siminti?