Yadda Ake Kafa Ƙungiyar Ƙwallo a Sabuwar Makaranta

Jama'a, yau garuruwa da yawa sun sami makarantar sakandare. An gina azuzuwa, an kawo malamai, amma galibi ba a ba da ko kwabo domin wasanni ba. In an tashi daga makaranta, yara ba su da abin yi sai zaman tasha da yawon kasuwa. Ku iyaye kun san abin da zaman banza yake haifarwa.

Wani zai ce, "Ai sai mu jira hukuma ta kawo kaya." To, kafin kayan su zo, yaran bana sun gama makaranta sun watse. Ba dole ne a jira ba. Yawancin abin da ake bukata yana nan cikin garinku.

Abu na fari shi ne yardar manya. Shugaban makaranta ya zaɓi malami ɗaya mai haƙuri, wanda ya san dokokin wasa. Sa'an nan su je wurin dagaci da liman da iyayen yara, su yi musu bayani. Waɗansu iyaye suna tsoron ƙwallo za ta hana yaro karatu da salla da aikin gona. Tsoron nan ba na banza ba ne. Saboda haka a kafa doka tun farko. Ba a wasa sai bayan la'asar, a tashi kafin magariba. Yaron da ya ƙi zuwa aji ba zai taɓa ƙwallo ba a makon nan. Da damina kuwa, gona ce gaba.

Abu na biyu shi ne fili. A roƙi dagaci ya ba da wuri shimfiɗaɗɗe kusa da makaranta. A kira gayya. A tone kututture, a cike ramuka, a share ƙaya da tsidau da fasassun kwalabe, domin yara da yawa ba su da takalma. Tsawon fili kada ya gaza yadi 100, kada ya wuce 130. Faɗinsa daga yadi 50 zuwa 100. A ja layi da toka ko farar ƙasa. Gida kuma, wato inda ake jefa ƙwallo, gora ko azara ta isa. Tsakanin sanda da sanda yadi 8 ne, tsayi ƙafa 8. A binne sandunan da kyau, a ɗaure ta sama tamau, kada ta faɗo wa yaro a ka.

Abu na uku shi ne kaya. Ƙwallo ɗaya da famfo da usur sun isa a fara. In ƙwallo ta yage, baduku ya ɗinke. Riguna kuwa, ko wane yaro ya kawo farar singileti, a kai wa marina su rina launi ɗaya. Ko wane gefe yara 11 ne, ɗaya daga ciki mai tsaron gida. Ana wasa minti 90, minti 45 a huta, sa'an nan a sake gefe. In yara ƙanana ne a rage musu. A ajiye tulun ruwa a inuwa. Wanda ya ji ciwo a wanke da sabulu, in ya yi zurfi a kai shi asibiti.

Abu na huɗu shi ne rubutu, kuma nan ne aikinku, ku 'yan aji. Ƙungiyoyi da yawa ba rashin kuɗi ne ya kashe su ba, zargi ne. An yi karo-karo, ba a rubuta ba. Bayan wata biyu wannan ya ce ya bayar, wancan ya ce bai karɓa ba. Sai gaba ta shiga, kowa ya janye ɗansa. Maganin wannan littafi ne guda. A zaɓi ma'aji daga cikin iyaye, a zaɓi magatakarda. Shafin hagu a rubuta sunan mai bayarwa da abin da ya bayar da ranar. Shafin dama a rubuta abin da aka saya da kuɗinsa. Ƙarshen ko wane wata a karanta a gaban jama'a. Wanda ya iya karatu ya duba da idonsa. Ka ga, ba wanda zai cuce shi, ba kuma wanda zai yi masa ƙazafi.

In yara sun yi wata uku suna koyo, magatakarda ya rubuta wasiƙa zuwa makarantar da ke kusa, a nemi wasan zumunci. In an cinye ku, kada ku karai. Sannu ba ta hana zuwa.

Kada kuma a raina wasan yara. A shekarar 1985 yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 16 suka je ƙasar Sin, suka ci Jamus ta Yamma 2 da 0, suka ɗauko kofin duniya. Ahmed Musa, wanda aka haifa a Jos a 1992, ya yi wasa a Kano Pillars, ya kuma ci ƙwallo biyu a wasa ɗaya a gasar duniya ta 2018 a Rasha. Amma ku gaya wa yara gaskiya: kaɗan ne ƙwarai suke cin abinci da ƙwallo. Ribar da kowa zai samu ita ce lafiyar jiki, da bin doka, da haƙuri in an sha kaye. Karatu shi ne uba.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa huɗu ake bukata?
2. Yadi nawa ne tsakanin sandunan gida?
3. Don me ake karanta littafin kuɗi a gaban jama'a?
4. Rubuta wasiƙa gajeriya zuwa ga dagaci, ka roƙi fili domin yara.